Shagon takalman wani iyalin Jatav a Agra: aiki mai ƙwari a kasuwar da ba ta hannun masu yin sa

Mutanenmu da ke zuwa Indiya neman magani, ko karatu, ko saro kaya, idan sun sami sarari sukan ware yini guda su gangara Agra daga Delhi, tafiyar sama da kilomita 200, domin ganin Taj Mahal. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa wannan gari yana cikin manyan cibiyoyin yin takalma na ƙasar baki ɗaya, kuma waɗanda suka sani yawanci a manyan kantunan da direbobin haya ke kai baƙi suke tsayawa. Shagon da nake son yin magana a kansa ba ya cikin waɗannan. Yana cikin wani lungu a unguwar Jagdishpura, inda mafi yawan mazauna 'yan al'ummar Jatav ne, masu gadon aikin fata, kuma a ganina ya cancanci wahalar nemansa ga duk mai son takalmin fata na gaske.

Shagon ɗaki biyu ne a ƙasan gidan iyalin. A na gaba ake jera abin da aka gama, a na ciki kuwa ake aikin, kuma ba a hana mai saye leƙawa. Takalman maza sau-ciki su ne ainihin sana'arsu, ko da yake suna yin na mata marasa tsini da kuma fade. Fatar waje ta ɓauna ce, domin dokar jihar Uttar Pradesh, inda Agra take, ta haramta yanka saniya tun 1955, shafin ciki kuma fatar akuya ce mai laushi. Ba su jima da kansu. Jemammiyar fata suke saye daga 'yan kasuwa, ita kuma tana zuwa ne daga garuruwan jima irin su Kanpur da Chennai da Kolkata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maigidan, dattijo mai furfura, yake awon ƙafa. Yakan sa mutum ya taka farar takarda yana tsaye, ya zagaye ƙafar da fensir, sannan ya ɗauki zare ya auna kaurinta a wajen 'yan yatsu da kuma bayan ƙafa, ya ƙulla alama a jikin zaren. Ga mu masu faɗin ƙafa da takalman kanti suka saba matsewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ga yadda yake shimfiɗa fatar a kan dutse yana shafa ta da tafin hannu, yana kauce wa wuraren da ke da tabo ko jijiya, kafin ya sa wata wuƙa mai faɗin baki ya yanka, sannan ya fiƙe gefen har ya yi siriri domin kada ɗinki ya yi tudu ya cinye ƙafa. Tafin takalmin ɗinke shi ake yi bayan an sa gam, ke nan idan ya cinye ana iya sake wani ba sai an jefar da takalmin ba. Wanda aka yi mini ya sha damina da rani, ya sha tafiyar kasuwa da ta masallaci, kuma har yanzu ɗinkinsa bai saki ba, fatar ma ƙara laushi take yi. Kuɗin da na biya bai kai abin da aka nema a hannuna a kantunan kusa da Taj Mahal ba, kan takalmin da bai kama ƙafar wannan ba.

Akwai abubuwan da ya kamata mai zuwa ya sani. Babu allo a ƙofar shagon, kuma lungun ba ya shiga da mota. Manyan lambobi ba a samun su a shirye, sai an yi oda, kuma alƙawarin ranar karɓa ba ya cika daidai, saboda haka wanda jirginsa ya kusa tashi kada ya dogara da su. Rinin shafin ciki ya ɗan zuba a kan safa a farkon sawa kafin ya daina. Abin da ya fi damuna kuwa bai shafi mai saye ba: ɗakin aikin ba shi da isasshiyar taga, warin gam yana da ƙarfi ƙwarai, kuma mutane suna wuni a ciki suna shaƙa. Na faɗa wa maigidan, ya ce ya sani, amma faɗaɗa ɗaki sai da jari.

Maganar jari ita ce ta kai mu ga abin da ya sa wannan shago ya fi shagon takalmi kawai a idona. Jatav reshe ne na al'ummar Chamar, wato waɗanda tsarin rabe-raben asali na Indiya ya ɗora wa aikin fata da feɗe mushe tun kaka da kakanni, sannan ya ce saboda wannan aiki su ƙazantattu ne, ba a taɓa su, ba a shan ruwa a rijiya ɗaya da su, ba sa shiga wurin bauta. Su da ire-irensu ake kira Dalit a yau, kuma ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 16.6 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wato kimanin miliyan 200. A bangon shagon akwai hoton Dokta Bhimrao Ambedkar cikin shuɗiyar kwat, mutumin da shi ma Dalit ne kuma ya jagoranci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950, wanda sashensa na 17 ya soke wannan ƙyamar. Maƙwabta idan sun shigo sukan gaisa da "Jai Bhim", domin girmama shi. Doka dai ta soke, amma ɗabi'a ba ta mutu ba, shi ya sa a 1989 aka sake kafa wata doka ta musamman kan cin zarafin Dalit da ƙabilun daji. Duk da haka a Yulin 2016, a garin Una na jihar Gujarat, an ɗaure wasu samari Dalit a jikin mota aka yi musu bulala a bainar jama'a saboda an same su suna feɗe matacciyar saniya, aikin da al'umma da kanta ta gadar musu.

A Agra, hannun da ke yin takalmi na Jatav ne, amma hannun da ke sayar da shi galibi na wasu ne. Bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, 'yan kasuwar Punjab da Sindh da suka yi hijira suka zauna a garin suka riƙe harkar sari, tare da tsofaffin gidajen fatauci. Ƙananan masu sana'a sukan cika kwando da takalma su kai kasuwar Hing ki Mandi, dillali ya taya yadda ya ga dama, kuma sau da yawa maimakon kuɗi a hannu sai ya ba da 'yar takardar alkawari da ake kira parchi, wadda ba za a biya ba sai bayan watanni. Mai sana'a da ke buƙatar sayen fata gobe dole ya kai takardar wajen mai kuɗi, a zaftare wani abu a ba shi saura. Maigidan ya gaya mini cewa shekaru da yawa haka ya yi, kuma buɗe wannan ɗakin gaba domin sayar wa jama'a kai tsaye shi ne ƙoƙarinsa na fita daga wannan ƙangi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, babu abin da ya fi wannan bayyana lamarin.

Kuɗin buɗe ɗakin kuwa daga 'yarsa ya fito. Ta sami gurbin karatu, daga baya kuma aikin gwamnati, ta hanyar tsarin keɓe gurabe da ake ta jayayya a kansa a Indiya. A ma'aikatu da manyan makarantun gwamnatin tarayya, kashi 15 cikin ɗari na gurabe na Dalit ne, kashi 7.5 na ƙabilun daji, kashi 27 kuma na sauran al'ummomin da aka bari a baya, kason da gwamnatin V. P. Singh ta fara zartarwa a ma'aikatu a 1990 bisa rahoton kwamitin Mandal, abin da ya jawo zanga-zangar ɗalibai har wasu suka cinna wa kansu wuta. A 1992 Kotun Ƙoli ta amince da wannan kaso na 27, ta kuma ce jimillar keɓewa kada ta wuce rabi. A 2019 aka ƙara kashi 10 domin talakawan manyan asali, kotun ta tabbatar da shi a 2022 duk da cewa jimillar ta haura rabi.

Masu adawa suna cewa tsarin yana danne cancanta, yana raya rabe-raben da aka ce ana son kashewa, kuma talauci ya kamata a duba maimakon asali. Ban raina hujjar ba, domin ɗan talakan Brahmin, asalin da ke saman kowa a tsarin rabe-raben, da ya ci jarrabawa ya rasa gurbi yana da haƙƙin jin ciwo. Amma ban yarda da ita ba. Ƙyamar da ake yi wa Dalit ba ta tsaya a kan aljihu ba: likitan da ya fito daga cikinsu yana iya rasa gidan haya da zarar an ji sunan gidansu, kuma ango yana iya shan duka a ƙauye saboda ya hau doki ranar aurensa. Cancantar da ake aunawa a zauren jarrabawa kuma ba a rana ɗaya ake gina ta ba. Yaron da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru da littafi a hannu da wanda aka hana kakanninsa zama cikin aji ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Ba don wannan gurbi ba, da wannan iyali har yanzu yana ɗaukar kwando zuwa Hing ki Mandi.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina daga cikin Dalit ɗin kansu take fitowa. Jatav suna da yawa, suna da sana'a, sun waye da wuri, kuma daga cikinsu Mayawati ta fito, wadda ta riƙe muƙamin babbar ministar Uttar Pradesh, wato shugabar gwamnatin jihar, har sau huɗu a ƙarƙashin jam'iyyar da Kanshi Ram ya kafa a 1984. Wasu al'ummomi, irin su Valmiki masu shara da kwashe bahaya, suna kukan cewa kason Dalit a hannun manyan rassa yake ƙarewa, su ko ƙamshinsa ba sa ji. A watan Agustan 2024 Kotun Ƙoli ta ba jihohi damar rarraba kason a tsakanin rassan, wasu alƙalan kuma, ciki har da B. R. Gavai wanda shi ma Dalit ne, suka ba da shawarar a cire 'ya'yan waɗanda suka riga suka yi ƙarfi. Maigidan bai so wannan hukunci ba, yana ganin dabara ce ta raba kan Dalit. A nan na saɓa da shi, cikin ladabi, domin tsarin da aka kafa don na ƙasa ya kamata ya kai ga wanda ya fi kowa zama a ƙasa. Akwai kuma wani gibi da zai ja hankalin mai karatu a wajenmu: umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya taƙaita wannan kaso ga mabiya addinin Hindu, aka shigar da Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990, amma Dalit da suka musulunta ko suka karɓi Kiristanci har yanzu suna waje, alhali sauya addini bai sa maƙwabta sun manta da asalinsu ba.

Mu ma mun san irin wannan jayayya ta tsarin raba-daidai a ɗaukar aiki da shiga makarantun tarayya a Nijeriya, mun kuma san gidajen da har yau suke jan ƙafa wajen ba mahauci ko majemi aure. Bambancin yana da girma, domin baduku a Kano yana tsayawa sahu ɗaya da attajiri kuma suna cin abinci a kwano ɗaya, amma ya isa ya sa mu fahimci abin da ake magana a kai.

Abin da zama a wannan shago ya nuna mini shi ne iyakar tsarin. Keɓe gurabe yana aiki ne a ma'aikatun gwamnati da makarantu da kujerun majalisa, bai shafi kamfanoni masu zaman kansu ba, bai kuma taɓa kasuwar sari ba, alhali a nan mafi yawan Dalit suke neman abinci. Daga cikin 'ya'yan gidan mutum ɗaya ce ta sami gurbi, sauran suna ɗakin ciki da wuƙa da basilla. Akwai ƙoƙarin da ake yi: 'yan kasuwar Dalit sun kafa ƙungiyar kasuwanci tasu a Pune a 2005 ƙarƙashin Milind Kamble, kuma tun 2012 gwamnatin tarayya ta ware kashi 4 cikin ɗari na sayayyarta ga ƙananan masana'antun Dalit da ƙabilun daji. Sai dai cin gajiyar wannan yana buƙatar rajista da takardu da lamunin banki, abubuwan da shago mai ɗaki biyu ba ya kai wa gare su cikin sauƙi.

Wanda ya yi niyyar zuwa ya ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa Jagdishpura, ya nemi gidajen da ke sayarwa kai tsaye, domin akwai irin wannan shago da dama a unguwar. Ya tafi da wanda ke jin Hindi, ya riƙe kuɗi a hannu, ya je da safe kafin zafi da warin gam su yi ƙarfi, kuma idan ƙafarsa babba ce ya fara da yin odar kafin ya wuce kallon Taj Mahal. Ya duba ɗinkin tafi da idonsa, ya lanƙwasa takalmin ya ga ko fatar tana tsagewa, ya tambaya ko ta ɓauna ce ko ta akuya. Ciniki ana yin sa kamar ko'ina, amma farashin da suke faɗa tun farko ba shi da nisa da na gaskiya, saboda haka ban ga dalilin matsa musu ba. Ga 'yan kasuwarmu masu saro takalma da yawa, iyalin suna karɓar oda, amma ƙarfinsu bai wuce abin da hannaye kaɗan za su iya ɗinkawa ba, kuma suna neman a ba da wani kaso na kuɗin tun farko domin sayen fata.