Takalmin Nike LeBron 20: na filin katako ne

A 2022 Nike ya fitar da shi, lokacin da ɗan wasan ƙwallon kwando LeBron James ke shiga kakarsa ta 20 a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Wuyansa gajere ne, kuma bai kai na baya nauyi ba.

Amfaninsa yana a tafinsa. Akwai jakar iska ta Zoom Air a gaba da dunduniya, da faranti mai tauri a tsakiya da ke hana murɗewa, shi ya sa mai jiki ke samun sauƙin gwiwa in ya dira. Yana kama katako sosai, amma in da ƙura sai an riƙa shafe tafin da hannu. A siminti kuwa zanen tafin nan da nan yake cinyewa, asarar kuɗi ce. Gabansa ya ɗan matse, mai faffaɗar ƙafa ya ƙara rabin lamba.