Warin fetur a mota: yoyo ne, ko injin ne ba ya ƙona mai sosai?

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wada ya yi tambaya kan Toyota Corolla ɗinsa da ta shafe mako biyu tana warin fetur. Wani bakanike ya ce masa yoyo ne, wani kuma ya ce injin ne ke shan mai fiye da kima, shi ne yake neman sanin wanda zai bi. Malam, duka biyun suna kawo wari, amma kowanne da lokacinsa da wurinsa, kuma kana iya bambance su da hancinka kafin ka kashe ko sisi.

Yoyo ba ruwansa da tashin inji. Idan ka ajiye motar ta kwana, da safe ka tarar da wari ya cika rumfar, musamman ƙasa-ƙasa ta wajen tayoyin baya, to mai ne ke fita daga inda bai kamata ba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Rashin ƙonewar mai kuwa sai injin yana aiki ake jin sa, daga salansa yake fitowa, yana zuwa da baƙin hayaƙi da rawar inji idan mota na tsaye, fulogai kuma su yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na fi son a fara da yoyo, domin shi ne mai cinye mota. A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975, mai yana isa kafireta ne da ƙarfi kaɗan, don haka tsagaggen tiyo ɗiga kawai yake yi. Motar injekta irin taka tana tura mai da ƙarfin da ya kai 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi na bar, wanda ya zarce iskar da ke cikin tayarta, saboda haka tsaga kamar bakin allura feshi take yi, idan kuma feshin ya sauka kan bututun hayaƙi mai zafi ko ya haɗu da tartsatsi, sai dai Allah ya kiyaye. Kada rashin ganin jiƙa a ƙasa ya kwantar maka da hankali, domin a zafin Maris da Afrilu fetur yana bushewa kafin ya taɓa ƙasa, abin da yake bari shi ne tabo mai tsabta a tsakiyar ƙurar da ta lulluɓe bututu.

Wuri na farko da nake zargi shi ne ƙarƙashin kujerar baya, inda famfon mai yake shiga tanki. Idan an taɓa canza maka famfo, sau da yawa tsohuwar robar bakinsa ake mayarwa, ko a zaunar da ita a karkace, kuma alamar hakan ita ce warin ya fi tsananta cikin mota a ranar da ka cika tanki. Daga nan a duba robar murfin tanki, da tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tankin, da ƙananan robobin da ke kan nozul, wato bakin da ke fesa wa injin mai. Akwai kuma wani akwatin gawayi da ke tsotse tururin tanki ya ajiye wa injin. Masu cewa a ci gaba da ɗura mai bayan famfon gidan mai ya tsaya da kansa su ke jiƙa shi, da zarar ya jiƙe kuwa ya daina aiki. Ka leƙa but ma, domin jarkar da aka saya wajen 'yan bumburutu ta sha sa mutane zargin injin da ba shi da laifi.

Ɗaya ɓangaren ya fi wuyar ganewa da ido. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi, kuma kwamfutar mota ce ke daidaita wannan bisa rahoton na'urorin da ke auna hayaƙi da iska da zafin ruwa. Idan ɗayansu ta lalace, ko nozul yana ɗiga, ko wani fulogi ya daina ba da wuta, man da bai ƙone ba zai bi salansa. Mu kanmu muna da laifi a nan: cire tamosta, mai daidaita zafin ruwan inji, da sunan maganin zafi yana hana injin kai zafinsa da wuri, sai kwamfutar ta daɗe tana ƙara mai, cire matatar hayaƙi da ake kira indomi daga salansa kuma yana barin hayaƙin ya fito da ɗanyen warinsa. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina. Idan tana warin fetur, man yana gangarawa ƙasa yana tsinka shi, kuma dole a sauya shi bayan gyara.

Ta fuskar kuɗi, gyaran yoyo yawanci roba ce ko guntun tiyo, sai dai a tabbata tiyon na fetur ne mai jure ƙarfin injekta, ba na ruwa ba, kuma kada a yarda da ɗaurin robar taya ko liƙin sabulu. Rashin ƙonewa kuwa yana iya kwashe kuɗi idan aka bi shi da canki-canka, a je Panteka yau a sayo wannan, gobe a sayo wancan. Gara a jona na'urar bincike tukuna: lambar P0172 tana nufin mai ya yi wa iska yawa, P0455 kuma tana nufin tururi yana sulalewa daga tsarin tanki, sau da yawa ta murfi.

Kafin ka kai ta gareji, ajiye ta a fili nesa da janareta da murhu, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe ka duba kwalin, sannan ka buɗe bonet ka haska da tocila, ban da ashana. Idan ka ga jiƙa, kada ka tayar da ita, ka kira bakaniken ya same ta a inda take.