Na haƙura da ABU Zariya na zaɓi jami'ar jiharmu, ga yadda ta kaya

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito sai ƙannen ƙawaye da 'ya'yan maƙwabta su yi ta turo min tambaya iri ɗaya: su tsaya a jami'ar jiha da ke kusa da gida, ko su nemi ABU ko BUK? A jami'ar jiharmu na yi digirina, fannin ilimin ƙananan halittu, don haka zan faɗi abin da idona ya gani. Ba zan kama sunanta ba, akwai malaman da nake jin nauyinsu a cikinta.

A 2018 na rubuta JAMB, kuma Zariya na cika. Wa zai ƙi ABU? Jami'ar da ke nan tun 1962, wadda duk ma'aikatar da ka shiga a Arewa sai ka tarar da tsohon ɗalibinta a kan kujera. Na san sunan Amina da Ribadu, masaukan mata, tun ban taɓa taka Samaru ba. Maki kuma ya kai. Amma Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, fansho wata ya zo wata ya maƙale, ga ƙanne a bayana. Ya zaunar da ni ya bi lissafin ɗaya bayan ɗaya: rajista, gado idan an dace, haya a Samaru idan ba a dace ba, abinci, kuɗin mota, ga hanyar da hankalin iyaye ba ya kwanciya da ita. Ya ce, "Ki yi haƙuri, digiri digiri ne, hukumar kula da jami'o'i, NUC, ɗaya ce ke duba su duka." Kawu ne kaɗai ya ja da maganar, ya ce, "Yaya, araha fa ba ta ado." Baba ya ce wanda zai biya shi ya san nauyin aljihunsa. Haka na je cibiyar JAMB aka canza min makaranta.

Ta ɓangaren kuɗi kam, ban da abin cewa sai godiya. Kuɗin 'yan jiha muke biya, wasu shekarun ma hukumar tallafin karatu ta mayar mana da wani abu. A gida nake kwana, tuwon Umma nake ci, adaidaita sahu biyu ke kai ni ƙofar makaranta. Ban san darajar wannan sosai ba sai a 2023, da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, jami'o'in tarayya da yawa kuma suka ninka kuɗin rajista a shekarar. Wata ƙawata da muka gama sakandare tare, ita ta tafi Zariyar, a makaranta ta yi Babbar Sallah ta shekarar saboda kuɗin mota ya gagara. Lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, bai zo ba sai 2024, lokacin ruwa ya riga ya ci mutane da dama. Yajin aikin malaman jami'a kuwa bai bambanta mu ba. Na 2020 da ya haɗu da korona, da na 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk tare muka zauna a gida. Bambancin kawai, ni ba kuɗin hayar da ya ƙone min ina zaune.

Abin da ya ba ni mamaki na daɗi shi ne malamai. Na shiga da tunanin ragowa zan tarar, sai na samu wasu da har yau ina yi musu addu'a. Ajinmu bai cika maƙil ba, malami yana sanin sunanka, idan ka yi fashin lakca zai tambaya. Wadda ta duba min binciken kammalawa a ABU ta yi digirinta na uku, kuma da jan biro take bin rubutuna layi-layi, har waƙafi take gyarawa. Ƙawata ta ce su a aji ɗaya akwai darussan da sai ka yi sammako kafin ka samu wurin zama. Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowa ya tsaya gida.

To amma ga abin da ya ɓata min komai. Mun gama jarrabawar ƙarshe a 2024, an yi ta rubutu a jikin riguna ana hotuna, Umma har ta yi sadaka. Da aka liƙa jerin waɗanda majalisar jami'a ta amince da sakamakonsu, na bi da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi, babu sunana. Na je wurin jami'in jarrabawa na sashe, ya buɗe kwamfuta ya ce ina da kwas ɗaya na aji uku da ba maki a gabansa. Ba faɗuwa na yi ba, gurbin ne fayau. Kwas ɗin da na rubuta da hannuna, na kuma san na ci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a lokacin na zo na yi ƙorafi, aka ce za a gyara." Ya ce shi ba shi ne a kujerar ba a lokacin, in rubuto takarda.

Na rubuta. Takardar ta bi ta ofishin shugaban sashe, ta je tsangaya, ta dawo da tambayar ina shaidar na zauna jarrabawar. Shaidar ita ce takardar da muke sa hannu a ɗakin jarrabawa, ita kuma tana cikin wani ɗakin ajiya da makullinsa ke hannun mutum ɗaya, yau ya je ɗaurin aure, gobe ya je asibiti. Ranar da aka buɗe, ni da wani masinja, Allah ya saka masa, muka durƙusa cikin ƙura muna kwance ƙullin takardu da aka ɗaure da igiyar leda, wasu gara ta ci gefensu. Muka samo ta. Ga sunana, ga lambata, ga sa hannuna na shiga da na fita. Na fito ina murna, a zatona magana ta ƙare.

Ashe malamin da ya koyar da kwas ɗin ba na jami'ar ba ne. Malamin aro ne da ke zuwa daga wata jami'ar tarayya ranar Juma'a da Asabar, ya haɗa mana karatun mako uku a zama ɗaya ya koma. An daɗe ba a biya shi haƙƙinsa ba, ya daina zuwa, kuma takardun amsarmu suna wurinsa. A kira shi ba ya ɗauka. Ni ban ga laifinsa sosai ba, mutum ya yi aiki a hana shi guminsa. Amma ni me na yi? Ba ni kaɗai ba ce, akwai wasu 'yan ajinmu da abin ya shafa, ciki har da wata mai goyo da ke zuwa daga ƙaramar hukuma mai nisa, ta wuni a kan benci a ce mata ta dawo jibi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake magana da mu. Wani a ofis ya dube ni ya ce, "Ke da aure za ki yi, gaggawar me kike?" Baba da kansa ya sa babbar rigarsa ya bi ni, dattijo mai furfura, aka bar shi tsaye a baranda har azahar. Da muka fito bai ce komai ba sai "Allah ya kyauta", amma na ga yadda abin ya taɓa shi, shi da ya ce digiri digiri ne. A ƙarshe sai da Kawu ya nemo wani da ya san wani, aka yi waya ɗaya, cikin mako guda maki ya bayyana. B na samu. Wato abin da ya gagara wata da watanni waya ɗaya ce maganinsa, wanda ba shi da kawu kuma sai dai ya sake rajistar kwas ya biya kuɗin wata shekarar. Kafin majalisa ta sake zama, rukunin bautar ƙasa ya wuce ni, na bi na baya. Ƙawata ta Zariya tana sansani tana turo min hoto da kaki, ni ina gida ina amsa tambayar 'yan unguwa.

Tunda na taɓo wannan, bari in faɗi na ɗakin gwaje-gwaje, don shi ma yana raina. Gini ne sabo mai kyau, da tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a goshinsa, amma famfon ciki ba ya kawo ruwa, da jarka muke ɗebowa. Madubin duba ƙwayoyin cuta masu aiki ba su da yawa, sai mu yi layi kowa ya leƙa ya matsa. Akwai wata na'ura da muka tarar a cikin kwalinta, a cikin kwalin muka bar ta, wai ana jiran wanda zai zo ya haɗa. Sau da yawa a allo ake zana mana gwajin, mu haddace mu rubuta. Sai da na je sanin makamar aiki a ɗakin gwajin wani asibiti na fara shuka ƙwayoyin cuta a faranti da hannuna. Ɗaliban da suka zo daga manyan jami'o'i ba su fi ni sanin littafi ba, wallahi wani abin ma ni nake tuna musu, amma hannunsu ya fi nawa sabawa, kuma da sun faɗi makarantarsu sai ka ga ma'aikatan sun saki fuska, wani ya ce ai shi ma can ya yi. Wannan sanayyar kuɗi ba ya sayenta, kuma mu ba mu da ita tukuna.

Duk da haka ba zan ce kada a je ba. Na fito ba bashin kowa a kaina, ƙannena ba wanda aka cire daga makaranta saboda ni, kuma yarinyar da za a ce ko ta yi a gida ko ta haƙura da karatun gaba ɗaya, ta yi a gida, ko shakka babu. Mai son karatun da allo da littafi suka ishe shi, irin su tarihi, Hausa, lissafi ko tattalin arziki, ba abin da zai rasa. Amma mai son kimiyyar da sai da kayan aiki, ko injiniya, ko likitanci, kada ya tsaya kallon ƙofar shiga da fentin gini. Ya je sashen da ƙafarsa, ya samu 'yan aji huɗu ya tambaye su malamai nawa ne na dindindin, nawa ne na aro, ko NUC ta ba kwas ɗin cikakkiyar amincewa ko ta wucin gadi, da kuma yaushe 'yan bara suka tafi bautar ƙasa. Wanda ya riga ya shiga kuma, duk semesta ya duba sakamakonsa kwas-kwas, ya ajiye kwafin kowace takarda, idan ya ga gurbi kada ya yarda da "za a gyara" ta baki.

Ƙanena zai rubuta JAMB bana, injiniyan lantarki yake so. Na ce wa Baba a bar shi ya cika Zariya, kuɗin mota da na abinci ni zan riƙa ɗauka daga ɗan abin da nake samu. Baba bai amsa ba tukuna, ya ce sai ya ga makin. Ni kuma har yanzu takardar sakamako ta wucin gadi ce a hannuna, ainihin shaidar digirin an ce ba a buga ba.