Yini Guda da Shirye-shiryen Da a Wani Gidan Kallo na Unguwar Zariya

Gidan kallon da nake magana a kai yana unguwar Zariya a nan Maraɗi, kuma sana'arsa ta kullum ita ce nuna ƙwallon Turai ga matasa. Ranar Lahadin da ta wuce mai gidan ya keɓe yini guda domin tsofaffin shirye-shiryen talabijin, daga hantsi har bayan isha'i, a kan dala arba'in kuɗin shiga, tare da damar fita salla ko cin abinci a dawo da tikiti ɗaya. Na zauna tun daga farko har ƙarshe, kuma ra'ayina shi ne kayan da aka tara sun fi kuɗin da aka karɓa nesa ba kusa ba, amma wanda ya jera su bai yi la'akari da mutanen da za su kalla ba.

An buɗe da kokowa, daga tsofaffin kaset na gasar takobi ta ƙasa da Télé Sahel, tashar talabijin ta Nijar, ta taɓa watsawa. Hoton ya dusashe, ƙasar fagen ta koma ruwan toka, wani lokaci ma layuka suna ratsa fuskar allon, amma kiɗa da kirari suna fita tsaf, kuma da su ake kallon kokowa. Wani dattijo da ke kusa da ni yana kiran sunan kowane kamu tun kafin ɗan kokowa ya kai hannu, sannan ya juya ya tuna wa yaran da ke bayansa cewa a Tawa aka fara wannan gasa a 1975, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Kantu, wanda filin kokowarmu yake ɗauke da sunansa, shi ne ya fara ɗaukar takobin. Abin takaici shi ne mu goma sha wani abu ne kawai a zauren a lokacin, domin da hantsi mutane suna kasuwa, magidantan da suka ga waɗannan wasanni da idonsu kuwa ba su samun sukuni sai bayan la'asar. Abin da ya fi kowane daraja a yinin an kashe shi a kan bencina marasa kowa.

Damben Muhammad Ali da George Foreman na Kinshasa, wanda aka yi a watan Oktoba na 1974, shi ya biyo baya, kuma kwafinsa ya fi na kowane shiri tsabta. Matasan da suka fara shigowa sun yi ta gunaguni ganin Ali ya jingina da igiya yana shan naushi, har sai da ya kayar da Foreman a turmi na takwas, zauren ya kaure da ihu kamar yau aka yi damben.

Bayan azahar aka sa wasan Samanja, na marigayi Usman Baba Pategi, wanda gidan talabijin na Kaduna ya shahara da shi. Mutanen Maraɗi sun daɗe da sanin shirye-shiryen ƙetaren iyaka, saboda haka ba a bukaci gabatarwa ba. Hausar bariki da yake cakuɗawa da Turanci, da yadda yake muzurai a gaban kuratansa amma ya yi laushi idan ya koma gida, har yanzu suna sa dariya, kuma na lura yaran da aka haifa a zamanin wayar hannu ba su taɓa wayoyinsu ba har aka gama. Sai dai na yi mamakin rashin Yazi Dogo, ɗan wasan kwaikwayon Nijar, a jerin, alhali shi ne wanda iyayenmu suke ajiye aiki domin kallonsa a tasharmu ta gida.

Matsala ta fito fili da yamma, daidai lokacin da zauren ya cika. An nuna Cabascabo, fim ɗin Umaru Ganda mai baƙi da fari, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin da Faransa ta yi a Indocin, yankin Vietnam, ya ɓarnatar da kuɗinsa a hannun abokan cin mushe, sannan suka watse suka bar shi. Ganda da kansa ya yi wannan yaƙi, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972 da wani fim nasa. Fim ne mai kyau, amma da Zabarmanci ake magana a cikinsa, fassarar da ke ƙasan allo kuma da Faransanci take, haruffan ƙanana ne, na baya ba su iya karantawa. Shirin Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, na mafarautan zaki da kwari da baka, wanda ya zo bayansa, shi ma bayaninsa duka da Faransanci ne. Kafin a kai rabinsa kusan rabin zauren ya fice. Da an samu mutum ɗaya mai lasifika ya yi bayanin minti biyar da Hausa kafin kowane shiri, ya faɗa musu, misali, cewa Rouch a ƙasar nan ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, da da yawa sun zauna.

Ta fuskar hidima, wuta ta ɗauke sau biyu, amma an tayar da janareta cikin gaggawa, kuma an tsayar da kallo a kowane lokacin salla ba tare da an roƙa ba. Fankoki biyu ba su isa rufin kwano da tsakar rana ba, bencinan kuma ba su da majingina, abin da ya sa dattawa biyu suka aika gida aka kawo musu kujeru.

Mai gidan ya ce zai sake shiryawa wata mai zuwa. Zan koma, amma na roƙe shi ya mayar da kokowa bayan la'asar, ya tura fina-finan Faransanci zuwa safe, ya kuma nemo kaset ɗin Yazi Dogo.