Gargaɗi kan masu damfara da sunan sayar da akwatin babur mai cirewa

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu babura a yankin Ringim, Taura da Garki, har da na ƙauyukan Kano da ke maƙwabtaka da mu, game da wasu mutane da suka buɗe shafuka a Facebook da TikTok suna tallan abin da suke kira kayan haɗin akwatin babur mai cirewa. Iƙirarinsu shi ne, da zarar bakanike ya ɗaura maka farantin ƙarfen da za su aiko, za ka riƙa ɗora akwati a bayan babur kana sauke shi da makulli ɗaya, ba tare da ka taɓa sifana ba. Waɗanda suka tura kuɗi a nan kusa sun kasu gida biyu: akwai waɗanda har yau ba su ga ko noti ba, akwai kuma waɗanda aka aiko musu da abin da gara a ce bai iso ba.

Tallan ya samu karɓuwa ne saboda buƙatar ta gaske ce. Malamin makaranta, malamin gona, ma'aikacin lafiya mai zagayen rigakafi da mai sana'ar POS, kowannensu yana son wurin da zai kulle takardu ko na'ura daga ƙura da ruwan sama. To amma babur ɗin da ya kai shi aiki ranar Talata shi ne zai ɗauko buhu daga Gujungu ranar Lahadi, ko ya kai iyali asibiti, kuma akwatin da aka like da walda ya kashe kariyar ɗaukar kaya ke nan. Wanda ya ce zai ba ka akwatin da ake cirewa a shiga da shi ɗaki da daddare, ya san inda yake maka ƙaiƙayi.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, irin wannan haɗi akwai shi, kuma a kan gaskiyarsa ne 'yan damfarar suka gina ƙaryarsu. Ana samun sa a kan manyan baburan doguwar tafiya. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka yana sayar da kayan da ke mayar da babban akwatinsa na baya, wanda ake kira Tour-Pak, ya zama mai cirewa, inda ake ɗaura wurare huɗu na maƙalewa a jikin babur, biyu a kowane gefe, sannan ƙarfen da ke ɗauke da akwatin ya zauna a kansu a danna sakata. Givi na ƙasar Italiya da Shad na Sifaniya su kuma suna ƙera akwatuna masu faranti, ƙasan akwatin ya shiga ƙugiyoyin farantin, sakata ta kama, makullin da ke buɗe murfi shi ne ke sakin akwatin. Hotuna da bidiyon waɗannan kaya ne ake kwasowa daga intanet a liƙa a shafukan tallan. Duk wanda ya duba da kyau zai ga babur ɗin da ke cikin hoton ba Boxer ba ne, ba Jincheng ba ne, ba Haojue ba ne. Wani lokaci Honda Gold Wing ne, mai inji 1,833cc da silinda shida, ana tallata kayansa ga mutumin da injin babur ɗinsa bai wuce 100cc ko 150cc ba.

A ganina babbar alamar da ke tona asirinsu ita ce maganar nauyi. A tallansu suna cewa farantin ya dace da kowane irin babur, kuma yana ɗaukar rabin buhu ba tare da ya girgiza ba. Masu ƙera na gaskiya ba sa faɗin haka. Givi yana da ƙaramin tsari mai suna Monolock, wanda ke zuwa da farantin da ake iya ɗaurawa a kan kariyar babura iri-iri, amma nauyin da kamfanin ya ƙayyade a zuba a cikin akwatin kilo 3 ne kacal. Babban tsarinsa, Monokey, shi ne ke kaiwa kilo 10, kuma a bisa al'ada ana haɗa shi ne da ƙarfen da aka ƙera musamman domin samfurin babur ɗin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwatin yana zama ne a sama, a bayan tayar baya, inda kowane rami ke ninka ƙarfin jijjiga a kan notuna da walda, kuma yawan nauyi a wurin yana sa gaban babur ya yi sakayau, kan ya riƙa rawa a cikin yashi. Saboda haka duk wanda bai tambaye ka sunan babur ɗinka da samfurinsa ba, bai nemi hoton kariyarka ba, amma ya rantse maka cewa kayansa zai ɗauki kilo 25 ko fiye, to ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma babu abin da yake sayarwa.

Salon karɓar kuɗin kusan iri ɗaya ne. Da ka yi magana a ƙarƙashin talla sai a ce ka koma WhatsApp, a can kuma a tarbe ka da ladabi: "Ranka ya daɗe, saura guda biyu, kuma wani Alhaji daga Haɗeja ya ce a ajiye masa ɗaya." Za a nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, a ce sauran sai kaya ya iso tasha. Sunan da ke kan asusun ba zai zo ɗaya da na shafin ba, idan ka tambaya a ce na ƙanensa ne ko na yaron shago. Bayan ka tura, sai a aiko da hoton kwali an rubuta sunanka da lambarka a jiki, daga nan sai wata sabuwar lamba ta kira, mai magana ya ce shi direba ne, an tsare motarsu a hanya, sai an biya kuɗin fito kafin a saki kaya. Mutum yana ganin ya riga ya zuba kuɗi, sai ya ƙara don kada na farko ya salwanta, kuma wannan tunanin ne jarinsu. Idan ka nemi kiran bidiyo don ka ga shago, sabis ba shi da kyau. Idan ka ce kana da ɗan'uwa a Sabon Gari da zai zo ya karɓa hannu da hannu, nan take za a ce kayan yana sito a Legas ko Anacha.

Na ga ɗaya daga cikin waɗanda suka iso, a kan bencin wani mai walda a garinmu, wanda wani malamin firamare ya kawo a ɗaura masa. Farantin falle ne marar kauri da ake iya lanƙwasa gefensa da hannu, an fesa masa baƙin fenti, da mai waldar ya kankare da farce sai ga tsatsa a ƙasa. Waldar ƙugiyoyin ɗige-ɗige ce a wurare biyu, ba a ja ta ba. Ramukan noti ba su hau kan kariyar Boxer ba ko ɗaya, makullin kuwa na irin durowar tebur ne, wanda mai waldar ya buɗe da bakin sukudireba a gabanmu. Ya dubi mai kayan ya ce, "Malam, in ka matsa zan ɗaura, amma ba zai kai ka Ringim a hanyar burji ba." Abin tsoron a nan ya wuce asarar kuɗi, domin akwatin da ya fizge a kan gudu, wanda ke biye da kai ne zai ci karo da shi, kuma a hanyoyinmu sau da yawa mai babur ne ɗauke da goyo biyu.

Akwai kuma batun waya da ba sa ambata ko kaɗan. Wasu akwatunan da ke cikin hotunansu suna da danja a jiki, kuma idan akwati mai fitila zai zama na cirewa, dole a sa masa mahaɗin waya da ake zarewa a mayar. In babu shi, ko dai a bar fitilar a mace, ko a riƙa murɗa waya da hannu ana naɗe ta da salatif har wata rana ta haɗu ta ƙone fis.

Kafin a tura ko sisi, a shiga bayanan shafin a Facebook, domin yana nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin da watanni kaɗan baya yake tallan atamfa ko ragunan layya, yau kuma ya koma na kayan babur, ya riga ya ba da amsa. A sa hoton tallan a Google Lens, wato manhajar da ke binciko inda hoto ya fito, sau da yawa zai fito da ainihin shagon ƙasar waje da aka sato shi. Mafi sauƙi daga duka, ba a cinikin biri a sama: mai son akwati ya hau babur ɗinsa ya shiga Kano wurin masu kayan babura, a gwada farantin a kan kariyarsa, a ɗora a sauke a gabansa, ya kama akwatin ya jijjiga da ƙarfi kafin ya biya. Wanda kuma ya zaɓi mai waldar garinsu ya ƙera masa, ya tabbatar an yi da ƙarfe mai kauri, an ɗaure da noti huɗu masu wosha, an sa fil da kwaɗo, kuma ya riƙa duba notunan bayan kowace doguwar tafiya.

Wanda abin ya riga ya rutsa da shi kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa a ranar, ya adana rasit ɗin turawa da lambar cinikin da ke jikinsa, ya ɗauki hoton hirar da na shafin kafin a goge, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin banki kan nemi takardar hukuma ko umarnin kotu kafin ya riƙe kuɗin da ke wani asusu. EFCC tana da ofishi a Kano, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koke. A kuma yi hattara da zagaye na biyu, domin bayan mutum ya bayyana a fili cewa an cuce shi, wasu kan biyo shi ta saƙo su ce su jami'ai ne ko masana kwamfuta da za su dawo masa da kuɗinsa idan ya biya kuɗin buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne da sabon layi.