Zama takwas da masaniyar halayyar ɗan Adam: yadda na gani

Wata huɗu na yi ba barcin kirki bayan jarina ya karye. Ƙarfe biyun dare sai in farka gabana na faɗuwa, in yi ta lissafin bashi har a kira assalatu. An yi min ruƙiyya, na sha rubutu, an auna jinina an ce lafiyata ƙalau. Ƙanwata, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta matsa in ga wata masaniyar halayyar ɗan Adam a nan Kano. Na ce mata, "Wato Dawanau za ki kai ni?" Ta ce, "Haba Yaya, ba can ba ne. Ko can ɗin ne ma ai asibiti ne."

Ina shiga na ce, "Likita, ina wuni?" Ta amsa, sannan ta ce, "Malam, ni ba likita ba ce, ba na rubuta magani. In na ga kana bukatarsa, wajen likitan ƙwaƙwalwa zan tura ka." Wannan ya kwantar min da hankali, don tsoron ƙwayoyin nan nake ji.

Ta miƙo min takarda mai suna PHQ-9. Tambayoyi tara ne kan yadda mutum ya ji a mako biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, rashin sha'awar komai. Makin yana kamawa daga 0 zuwa 27, yawansa ne ke nuna tsananin damuwar, ni na samu 16. Da Turanci takardar take, sai da ta riƙa fassara min, kuma a nan na ga rauni. Bahaushe "damuwa" yake ce wa komai, daga rashin kuɗin cefane har ciwon da ke kwantar da mutum, don haka wasu amsoshin kame-kame na yi. Tambaya ta tara ce ta tsayar da ni: ko na taɓa jin gara a ce na mutu? Na ce, "Hajiya, ni Musulmi ne." Ba ta yi gardama ba. Ta ajiye biro ta ce, "Na sani. Ba imaninka nake tambaya ba, abin da ke zuwa maka cikin dare nake tambaya." Na daɗe ina kallon silifas ɗina kafin na faɗa mata gaskiya.

Hanyar da take bi sunanta CBT, wato jinya ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Ba a tsayawa tonon yarinta. Tunanin da ke damunka yau ake kamawa a yi masa tambayoyi. Ta sa na sayi littafi mai fallaye arba'in, na raba shafi gida uku: abin da ya faru, abin da zuciya ta raya min, da hujja. Misali, wanda ke bina bashi ya wuce bai gaishe ni ba. Zuciya ta ce duk kasuwa an san na talauce. Hujja fa? Na nema na rasa. Da farko abin ya yi min kama da aikin ɗan firamare, amma shi ya fi komai yi min amfani. Ta kuma hana ni kwanciya da waya, ta ce in koma zama a majalisarmu ko ba na jin zuwa. Ba ta taɓa ce min in bar addu'a ba, hasali ma azkar na safe da yamma suna cikin jadawalin da muka tsara.

Inda muka saɓa shi ne maganar sana'a. Na so ta ce min koma atamfa ko shiga hatsi, ta ƙi. Sai tambaya kan tambaya, wai ni na san kasuwa ba ita ba. Har yau ina ganin da ta ɗan sa baki. Kuɗin ma ba wasa ba: zaman minti hamsin ya kai cefanen gidana na kwana uku, ga shi sau biyu tana ɗaga min lokaci bayan na riga na hau adaidaita.

A zama na takwas na sake cike takardar, na samu 7. Bashin yana nan, na biya kusan rabi. Ta ce in dawo bayan wata uku a sake aunawa, kuma in zo da littafin.