Sharhi: zaman haya a ɗakin selkon a Rijiyar Zaki

Ɗakin da nake haya yana Rijiyar Zaki a Kano, a wani layi da ke bayan Titin Gwarzo. Irin wanda dillalai ke kira selkon ne: ɗaki ɗaya, banɗaki a ciki, sai ɗan lungu da aka yi wa kanta don girki. Ɗakuna shida ne a jere cikin gidan, yawancinmu ɗaliban Jami'ar Bayero ne da ƙananan ma'aikata. Na sabunta hayata, kuma zan iya nuna wa wani wurin, amma sai ya fara binciken ruwa da wuta kafin ya ciro ko sisi.

Kuɗin shekara guda ake biya gaba ɗaya, dillali ya karɓi la'adarsa kashi 10 cikin 100. Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne samun mai gidan da zai yarda da gwauro. Nawa mai gidan ya fito ya gaya mini gaskiya: "Ɗana, ba ƙin ka nake ba, amma unguwar iyali ce. Kawo wanda zai tsaya maka." Na ce, "To Alhaji, kawuna zai zo." Ban ga laifinsa ba, domin wannan tantancewar ce ta sa gidan babu hayaniya, ana kulle ƙofa da dare, kowa ya san kowa.

Daɗin ɗakin a fili yake. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya mai banɗaki ɗaya, ya bi layi da buta da asuba, ya san darajar ƙofar da kai kaɗai ke buɗe ta. Tayil ne a ƙasa, shara ba wuya, katifa da teburi da durowar kaya sun shiga har da wurin shimfiɗa sallaya. A daidaita sahu ɗaya ke kai ni Kabuga, daga nan gari ya buɗe. Masallaci, mai shayi da mai kayan miya duk suna bakin layi.

Ruwa ne ya fi ci mini rai. An ce akwai rijiyar burtsatse da tanki a sama, kuma akwai su ɗin, sai dai injin ba ya ja sai da wuta mai ƙarfi. In aka ɗauke wuta ta daɗe, famfo sai ya yi ta huci babu ko ɗigo. Nan za ka koma wa 'yan garuwa, kuma masai na zamani ba ya tausayin jarka, kora ɗaya ta cinye kusan bokiti. Mai masai na tsuguno bai san wannan kashe kuɗin ba. Dole na sayi babban duro na ajiye a banɗaki, wurin wanka ya ƙara matsewa.

Wutar kuma a da mita ɗaya ce mai kati ga gidan duka, karo-karo muke yi. Mai firji da hita da dutsen guga yana biyan daidai da mai fanka da cajin waya, kuma wannan ba adalci ba ne. Janareta ya fi ƙarfinmu tun da aka cire tallafin mai a 2023, shi ya sa na haɗa ƙaramar sola mai ɗaukar fanka da ƙwai biyu. Ita ta cece ni a Afrilu, don taga ɗaya ce, tana kallon katangar maƙwabta, bangon yamma kuwa yana riƙe zafi har tsakar dare. In ka soya albasa da manja, rigar da ke rataye sai ta ɗauki ƙamshin har ofis.

Layin ba kwalta, a Agusta ruwa kan kwanta a ƙofar gida, mai babur ya sha wahalar shiga da shi.

Da lokacin sabunta haya ya zo, na roƙi Alhaji abu biyu: ƙaramar mita a kowane ɗaki, da tsayayyen lokacin kunna injin ruwa. Ya amince da mitar bisa sharaɗin kowa ya sayi tasa, tun daga nan rigimar kuɗin wuta ta mutu. Maganar ruwa har yanzu muna kanta.